Ranar da Na-Sani Ya Saro Namijin Marke

Duk layin babu wanda zai iya tuna ranar da aka fara kiransa Na-Sani, amma dalilin sunan ko baƙon jiya ya san shi. In ka ce masa hadari ya haɗo, sai ya ce, "Ai na sani." In ka ce masa akuyarka ta haihu, ya ce ai tun da ya ga tafiyarta ya san 'yan biyu ne. Da wannan sanin ya gyara wa mai niƙa inji har injin ya koma niƙa kansa. Da shi kuma ya yi wa kajin matarsa magani, aka wayi gari babu mai cara sai zakaran maƙwabta.

Daga ƙarshe kowa ya gaji da shi, sai yayarsa, mai gidan burodin da ke bakin layi. Ita ta goya shi yana ƙarami, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ba shi aikin iza wuta a tanderu, wani ƙaton murhu na bulo mai baki kamar ƙofar ɗaki. Ranar da ta ɗauke shi ta kama kunnensa a gaban ma'aikata ta ce, "Auta, ka iza wuta ka rufe bakinka. Ranar da saninka ya taɓa burodina, ko inuwar ƙofar nan ba za ka ƙara shiga ba."

"Ai na sani, Yaya," in ji shi.

Aikin kuwa ya shiga ransa sosai. Ga ɗumi, ga kujera, ga gefen burodi mai zafi da ake jefa masa duk fitowa. Tun da yake bai taɓa samun wurin da ya wuce mako ba a kore shi ba sai nan, kuma a ransa yana tsoron rasa shi, ko da yake ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

Wata safiya sai ga saƙo cewa motar mai kawo itace ta lalace a hanya. A rumfar itace babu komai sai ɓawo da ƙadangaru. Ga kwaɓi ya riga ya tashi a cikin gwangwanaye, yana leƙowa, ga kuma manajan kantin wani kamfani zai zo da azahar ya kwashi burodin ma'aikata, wanda shi ne babban cinikin gidan. Yaya ta ɗora hannu a ka tana zagaye.

Na-Sani ya miƙe ya karkaɗe wando. "Yaya, itace ne ya sa ki kuka ina raye?"

"Zauna, Auta."

"Ni da na san itatuwa kamar yunwar cikina? Ki rufe mini ido ki ba ni tsinke, in lasa in faɗa miki sunan uwar bishiyar da shekarunta. Masu kawo miki itacen nan ma cutar ki suke yi, rabi duk ruɓaɓɓen rimi ne."

"Na ce ka zauna."

Kwaɓin wani gwangwani ya zubo ƙasa, ɗis. Yaya ta dubi kwaɓin, ta dubi ƙanenta, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya san zai yi da-na-sani. "Ɗauki gatari da baro. Busasshe nake so. In ka kawo mini ɗanye, kai zan cusa a ciki."

Bayan jerin shagunan layin akwai wani kango da ciyawa ta cinye, babu mai shiga sai awaki da masu yanke hanya. Nan Na-Sani ya nufa. Bai yi nisa ba ya ci karo da abin da ya sa shi sakin baro. Wata bishiya ce doguwa, a miƙe sambal, ba reshe ko ɗaya, ganye ya lulluɓe ta daga gindi har ƙoli.

Gaskiyar magana, bai taɓa ganin irinta ba. Ya zagaya ta. Ya ce marke ce, ya ga ba ta yi kama ba. Ya ce ƙirya ce, ya tuna ƙirya ba ta miƙewa haka. Ya kama ganye ya ja don ya duba da kyau, sai ganyen duka ya salaɓo kamar riga, ya bar gangar jikin tsirara, baƙa wuluk, busasshiya ƙayau.

"Ikon Allah!" in ji shi. "Itace mai tuɓe riga!"

Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ya shinshina, ya yi atishawa. Sannan ya lasa. Harshensa ya ɗauki zafi, ɗaci ya sauka har maƙogwaro, ya tofar da yawu yana gyaɗa kai da gamsuwa, don a iliminsa duk itacen da ya fi ɗaci ya fi ci. Ya ɗaga gatari ya kai sara. A wani saran bakin gatarin ya haɗu da wani abu mai tauri, wuta ta yi tartsatsi. Na-Sani ya ja da baya yana dariya shi kaɗai. Itacen da tun yana tsaye yake ba da wuta, ina ga ya shiga murhu?

Da ta tashi faɗuwa sai da ta yi gardama, don akwai wata baƙar jijiya siririya da ta fito daga ƙolinta, ta tafi dama ta tafi hagu ta haye katangu. Ya tura da kafaɗa. Ya ji tas ta nan, tas ta can, bishiya ta zube. Ya naɗe jijiyar a hannu, ga tsawo ga santsi ga ƙarfi. A can ƙolin kuma ya tarar da 'ya'ya biyu, farare fat masu sheƙi, kowanne kamar kofin shayi. Ya gatsa ɗaya don ya ji ko ya nuna, ya bar gefen haƙorinsa a wurin.

Nan fa tunani ya buɗe. In ya shuka waɗannan 'ya'yan, nan da 'yan shekaru yana da gona guda ta itace miƙaƙƙe marar reshe. Duk gidajen burodin duniya su yi layi a ƙofarsa. Ita kanta Yaya sai ta yi sallama kafin ta shiga ofishinsa.

Ya faskara itacen ya cika baro, ya biya ta gida. Ya miƙa wa matarsa jijiyar ya ce ga igiyar shanya wadda ba a sayarwa a kasuwa. Ya tona ƙasa a tsohon bokiti ya binne ɗa guda, ya ce ta riƙa ba shi ruwa safe da yamma, kada kuma ta faɗa wa kowa. Ɗayan ya jefa a aljihu.

Tun sassafe aka ɗauke wuta a unguwar, don haka masu shaguna duk suna waje a kan benci. Ga Tela da farin yadi a cinya yana ɗinkin hannu. Ga Mai Ƙanƙara tana fifita, tana addu'ar kada kayan firizarta su narke. Ga Mai Aski, kusa da shi kuma wani ƙaton Direba da ƙyalle a wuya, wanda aka aske wa rabin kai kafin wutar ta tafi, ya rantse ba zai taka titi a haka ba.

"Kai, Na-Sani," in ji Mai Aski, "ta kango ka fito? Ɗazu na ji wani abu ya yi tas a kan rufina."

"Kyanwa ce. Na gan ta."

Tela ya leƙa baro ya toshe hanci. "Wannan wane irin itace ne?"

Na-Sani ya ajiye baro, ya goge gumi, ya dube su ɗaya bayan ɗaya da tausayi. "Ba laifinku ba ne, ba ku yi yawo ba. Wannan shi ne namijin marke."

"Marke har da namiji?" in ji Mai Ƙanƙara.

"To da wa kike zaton macen take aure? Shi namijin ba ya reshe, ba ya fure. 'Ya'ya biyu yake yi duk rayuwarsa."

"Mu ga 'ya'yan," in ji Direba.

Na-Sani ya dafe aljihu. "Ku gani ku sace mini iri? Kai dai ji da rabin kanka."

"Ni fa warin nan na san shi," Tela ya ce yana ta shinshine-shinshine. "Kamar na taɓa jin sa a wani wuri."

"A mafarki wataƙila. Irin wannan sai manyan ƙasashe. Can ma sai gidan manya ake ƙona shi, a rufe taga kada maƙwabta su shaƙi ƙamshin a banza."

Yaya ta tarye shi a ƙofa. Ta ɗauki faskare ɗaya ta juya shi, ta yamutsa fuska. "Auta, me ya sa yake maiƙo?"

"Kitse ne, Yaya. Itacen ƙoshi ke nan."

"Warin fa?"

"Rashin sabo ne. Da ya ji wuta zai koma turare."

Da a ce tana da lokaci da ta tsaya ta yi bincike, amma ma'aikata na ta kiran ta, kwaɓi na neman fita titi. Ta ce a zuba.

Wuta kam ta kama, ba a ma nemi kananzir ba. Ta tashi fuu da ruri, har Na-Sani ya rasa gashin gira ɗaya. Ya juyo yana washe baki da guntun haƙorinsa. "Kin gani? Ashana ɗaya!" Aka jera gwangwanaye aka rufe tanderu. Sai hayaƙi ya fara fitowa, baƙi ƙirin, mai kauri, ya ƙi tashi sama. Ya cika ɗakin gashi, ya fita ta taga, ya kwanta a kan layi.

Mai Ƙanƙara ce ta fara miƙewa. "Kwalta! Jama'a, warin kwalta! An zo gyara mana titi!"

Kafin ka ce kwabo layi ya cika. Mata suka leƙo ta ƙofofi, masu babura suka tsaya, wani tsoho ya ɗaga hannu sama yana godiya da Allah ya nuna masa wannan rana kafin ya mutu. Aka duba gabas babu motar aiki, aka duba yamma babu ko shebur. Aka bi hayaƙi da hanci, ya kai mutane ƙofar gidan burodi.

Na-Sani ya fito daga cikin hayaƙin, fuska baƙa, ido ja, hawaye na zuba, yana tari yana murmushi. "Ku shaƙa, kyauta ne! Maganin sauro ne, maganin mura ne!"

"Ka kashe ni!" Tela ya ɗaga farin yadin da ke hannunsa, wanda yanzu ya yi ɗigo-ɗigo kamar zabuwa. "Kayan mutane ne!"

"Ka gode mini, na yi maka ado ba ka biya ba."

"Auta!" Muryar Yaya ta fito daga ciki kamar tsawa.

An buɗe tanderu. Burodi ya tashi kam, ya yi kumatu, sai dai baƙi ne yana ƙyalli kamar sabon takalmi. Ana cikin kallonsa motar manajan kanti ta tsaya a ƙofa. Manajan ya fito da hankici a hanci yana tambaya ko taya ake ƙonawa. Na-Sani ya riga kowa isa gabansa da burodi a hannu.

"Ranka ya daɗe, ka zo a sa'a. Sabon samfuri ne. Ba ya fumfuna, ɓera ba ya kusantarsa."

"Mutum fa?" in ji manaja.

"Mutum sai mai rabo."

Manaja ya gutsuri kaɗan ya jefa wa wata akuya da ke wucewa. Akuyar nan da aka sani da cin kwali da leda ta shinshina, ta yi atishawa, ta dubi Na-Sani, ta juya ta tafi. Manaja ya ce wa Yaya don mutuncinta zai dawo gobe, amma in ya sake jin wannan warin an rabu ke nan. Ya shiga mota ya tafi. Yaya ta tsaya tana kallon aikin yini guda a ƙasa, kuma kallon nan nata ya fi tsorata Na-Sani fiye da ihunta.

Sai aka ji yara a tsallaken titi suna ihun an kawo wuta. Fankoki suka fara juyawa a can, rediyo ya kama waƙa. Direba ya ruga shagon aski ya faɗa kujera. Mai Aski ya danna kilifa, shiru. Ya buga ta a tafin hannu, shiru. Mai Ƙanƙara ta kara kunne a jikin firiza, ko tari ba ta yi. Tela ya kunna ƙwan lantarki ya kashe, ya sake kunnawa.

"Ai na san matsalar," in ji Na-Sani. "Wutar ce ta zo da gajiya. Ku ba ta lokaci."

Aka kira mai gyaran wuta. Ya zo da tsaninsa ya hau bayan shagon aski, ya daɗe yana dube-dube, sannan ya leƙo. "Ina wayarku?"

"Tana nan mana," in ji Mai Aski.

"Guntu ne a nan kamar jelar ɓera. Ina falwayar da ke cikin kangon nan, wadda yaɗo ya rufe?"

Duk layin aka ɗunguma zuwa kango. Ga kututture sabon sara, ga rigar ganye a yashe, ga wani ƙaton ƙusa mai tsatsa da shaidar bakin gatari a jikinsa. Tela ya durƙusa ya shinshina kututturen, ya ɗago a hankali. "Na ce na san warin nan. Baƙin man da ake shafa wa turken wuta ne don gara."

Idanu suka juyo kan Na-Sani. Ya gyara tsayuwa. "To, ai kama ce. Namijin marke da falwaya 'yan gida ɗaya ne, ko masana sukan ruɗe." Ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici ya share gumi, sai farin ɗan itacen ya faɗo, ya gangara har gaban mai gyaran wuta.

Mutumin ya ɗauka. "Ga tangaran ɗin da ke riƙe waya. Ina ɗayan?"

Kafin a ba shi amsa sai ga matar Na-Sani ta ratso taro da fara'arta, hannu duk kumfar sabulu. "Maigida, ashe kana nan. Igiyar nan da ka kawo ta yi mini tsawo, na yanka na raba wa maƙwabta, kowa na sa maka albarka. Irin kuma na ba shi ruwa, har na zuba masa taki."

Wanda ya fara fashewa da dariya shi ne tsohon da ya yi godiyar titi, har sai da aka riƙe shi. Direba kuwa bai ga abin dariya ba. Ya tunkaro da rabin kai da ƙyalle a wuya, aka taru aka rirriƙe shi. Na-Sani ya laɓe a bayan yayarsa kamar yadda yake yi tun yana yaro.

"Yaya, ki faɗa musu niyyata mai kyau ce."

Ta matsa gefe ta bar shi a fili. "Me na ce maka ranar da na ɗauke ka?"

Ya sunkuyar da kai, ya bi bayan matarsa don a kwance igiyar shanya.

Aka bi gida-gida ana sauke shanya ana karɓo waya. Mai gyaran wuta ya haɗa guntayen ya naɗe su da baƙin salatif, amma ya ce sabuwar falwaya ba za ta samu yau ba, kuma ba zai bar waya a ƙasa a hanyar awaki da masu baro ba. Sai dai a sami doguwar gwafa busasshiya a tokare ta a tsakiyar kango. Aka samo gwafa, aka kafa, ta faɗi. Aka sake kafawa, ta kwanta. Mai gyaran wuta ya ce sai dai wani ya riƙe.

"Ga shi nan," in ji Yaya, ta nuna ƙanenta. "Dogo ne, a miƙe yake, ba ya reshe ba ya fure."

Haka Na-Sani ya tsaya a kan kututturen da ya sare, hannu biyu riƙe da gwafa. Kilifa ta yi ƙara, firiza ta yi gurnani. Da ya ɗan sassauta don ya sosa hanci sai wuta ta yi ƙifta, Direba ya yi ruri daga shago, Na-Sani ya koma ya ƙame. Tela ya zo ya rataya masa yadin da ya wanke a kafaɗa ya ce kada ya motsa sai ya bushe. Akuyar ɗazu ta zo ta sosa ƙugunta a ƙafarsa.

Da la'asar motar itace ta iso. Aka kankare tanderu aka wanke, aka sake kwaɓi, aka sami wani ya iza wuta. Can sai iska ta kawo ƙamshin burodi na gaskiya har cikin kango, ya shiga hancin Na-Sani ya sauka a cikinsa da babu komai tun safe. Ya tuna kujerarsa da gefen burodi mai zafi, yanzu wani ke ci. Idonsa ya kawo ruwa, wannan karon kuma babu hayaƙin da zai ɗora wa laifi.

Yaya ta fito shan iska ta tsaya a bakin kango. Wata mata mai wucewa, baƙuwa a layin, ta tsaya tana kallon mutum a tsaye da gwafa da yadi a kafaɗa.

"Baiwar Allah, wannan kuma mene ne?"

"Itace ne," in ji Yaya. "Ni na raine shi tun yana tsiro, har yau ban gane irinsa ba. Na dai gwada shi a murhu, ba ya ci, hayaƙi kawai yake yi."

"Yaya," Na-Sani ya ce da ƙaramar murya, "ko gefe ɗaya?"

"Falwaya ba ta cin burodi, Auta. Ɗaga hannunka, wayar na taɓa ciyawa."